Masu yabon kufai ba su taɓa kwana a cikinsa ba

Akwai ɗabi'ar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya ga hoton kufai, ciyawa kore shar, teku na sheƙi, sai ya ce, "Kai, ina ma a nan nake zaune, ba hayaniya." Jiya ma na ga an yi ta faɗin haka a kan hotunan Great Blasket, wani tsibiri da ke yammacin Ayilan, daura da gaɓar gundumar Kerry. Wurin yana da kyau, ban musa ba. Amma a tambaya mana, me ya kori masu shi?

A wajajen 1916 mutanen tsibirin sun kai 170 da 'yan kai. Ba su da likita, ba limamin coci, ba kanti. Abin hawansu kwalekwale ne na katako da aka lulluɓe da tamfol aka shafe da kwalta. Daga bakin ƙofarsu suna hango tudun ƙasa, amma in teku ta murtuke sai su yi makonni ba mai tsallakawa. A Janairun 1947 sanƙarau ya kama wani saurayi ɗan shekara 24. Na'urar sadarwarsu ta lalace, igiyar ruwa ta hana fita. Yaron ya cika a gaban iyalinsa, gawarsa ta yi kwanaki ba a samu akwatin binne ta ba. Duk wanda ya san yadda sanƙarau ke yi da mutum ya san me idanun mutanen gidan nan suka gani. A shekarar ne suka aika wa shugaban gwamnati, de Valera, saƙon tangaraho cewa guguwa ta tsare su, abinci ya ƙare. Ya zo ya gani da idonsa. Sai a Nuwamban 1953 aka kwashe mutum 22 da suka rage. Samari da 'yan mata kuwa tuni suka watse, akasari zuwa Springfield a Amurka.

To wa zai ce da su su zauna don hoto ya yi kyau?

Haka abin yake a tsibiran Inishkea, su ma a yammacin Ayilan. Guguwar dare ɗaya a Oktoban 1927 ta ci masuntansu goma, ba a yi shekara goma ba kowa ya tattara ya bar wurin. Tsibirin Inishark ma an kwashe mutanensa a 1960.

Ni abin da ke sosa mini rai ba duwatsun kangon ba ne, bakin mutanen ne. A harshensu na Ayilan kusan kowane dutse da kowane lungun ruwa yana da suna da labari. Wata tsohuwa a Blasket, Peig Sayers, ita kaɗai masu tattara adabin baka suka rubuta tatsuniyoyi ɗaruruwa daga bakinta. A yankin yammacin nan akwai wata dabbar teku mai ɗan kama da ayu, wadda Turawa ke kira sil. Almararsu ta ce wasu daga cikinsu mutane ne, suna tuɓe fatarsu su fito tudu, har akwai zuri'ar da ake cewa daga gare su ta fito, don haka ba ta kashe su. A tsibirin Inishglora kuma aka ce 'ya'yan sarki Lir suka ƙare wahalarsu, bayan kishiyar uwa ta mayar da su fararen tsuntsayen ruwa shekara 900. Kishiya dai ko a ina ba ta tsira a tatsuniya.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta dinyar da ke zuwa Inishkea da sanyi. Da yake ba wanda ya taɓa ganin sheƙarta ko ƙwanta, sai mutanen da can suka yanke cewa daga itacen da ruwa ke kawowa take tsirowa. Wani marubucin ƙarni na 12, Gerald na Wales, ya ce har wasu malaman coci na cin ta a ranakun azuminsu, wai ai ba nama ba ce. Ashe a tsibirin Girinlan, can arewa mai nisa, take ƙyanƙyasa, ta tsallako teku ta yi hunturu a nan.

Masu kare namun daji za su ce tashin mutane ya yi wa dabbobi rana, kuma da gaskiyarsu. Dinyoyin suna kiwo a gonakin da aka bari a Inishkea ba mai korarsu. A Great Blasket, farin yashin da ke ƙasan ƙauyen, inda yara ke wasan ƙwallon sanda a da, yanzu sil ne ɗaruruwa ke kwance a kai suna shan hantsi. Na ji daɗin hakan. Sai dai ban yarda a ba ni labarinsu a tsallake na saurayin nan da sanƙarau ya kashe ba. Mai yawon buɗe ido yana zuwa ne da rani, lokacin da teku ta kwanta, ya hau jirgi mai inji, ya ɗauki hoto a bakin ƙofar da ba rufi, kafin magariba ya koma masauki mai wutar lantarki. A watan Janairu jirgin ba ya zuwa.