Yaron Da Aka Ce Ya Dawo Gobe

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da 'yan'uwana mazauna Legas.

Tun jiya da la'asar hankalina bai kwanta ba, kuma na san idan ban rubuta wannan magana yanzu ba, shaiɗan zai mantar da ni ita kamar yadda ya sha mantar da ni wasu. Na je kasuwar Mile 12 sarin albasar da zan kai shagona a Agege, da muka idar da sallah sai na zauna a wata rumfa tare da dattawan da nake ganin girmansu. Hirar ita ce wadda kowa ya sani, domin babu majalisar Bahaushe a garin nan, daga Idi-Araba zuwa Obalende, da ba a yin ta safe da yamma. Wani ya tuna mana cewa kafin ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, amma kafin shekarar 2024 ta fita sai da ta haura naira 1,000. Wani ya kawo zancen shingayen da motar tumatir ke tsayawa a kansu tun daga Kano har ta iso nan. Wani kuma ya kawo na motocin alfarmar da aka saya wa 'yan majalisa a daidai lokacin da talaka ke auna gari da gwangwanin madara. Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, ni ma na sa baki, kuma har yanzu ban janye ko kalma ɗaya ba.

Muna cikin haka sai ga wani yaro ɗan dako, wanda a ganina bai wuce shekara 15 ba, gammonsa a hannu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya durƙusa a gefen rumfa ya jira har mai magana ya numfasa, sannan cikin ladabi ya ce, "Alhaji, kuɗin sauke kayan nan ne na safe." Alhajin da ya fi kowa ɗaga murya a kan zaluncin shugabanni bai ko dubi fuskarsa ba, ya ce masa ya dawo gobe. Yaron ya ce, "Alhaji, jiya ma haka ka ce, kuma ban karya ba." Sai aka daka masa tsawa, aka ce ba shi da tarbiyya, yana katse wa manya magana. Ya miƙe ya tafi, aka koma kan zancen 'yan majalisa daga inda aka tsaya.

Mu bakwai ne a rumfar nan, babu wanda ya ce uffan, har da ni. Akwai kuɗi a aljihuna da za su ciyar da shi kwana uku, amma kunyar Alhaji ta hana ni kiran sa, kunyar Allah kuwa ba ta zo mini ba sai da na shiga danfo muka maƙale a cunkoson Ketu. A nan ne na tambayi kaina: mene ne bambancin abin da muka yini muna tsine wa da abin da aka yi a gabanmu? Mai mulki ya riƙe haƙƙinmu ya ce mu yi haƙuri, gyara na nan tafe. Alhaji ya riƙe haƙƙin yaro ya ce ya dawo gobe. Wancan ya samu iko a kan miliyoyin mutane, wannan ya samu iko a kan mutum ɗaya, kuma kowannensu ya yi da ikonsa abu iri ɗaya. Dukanmu mun haddace cewa jinkirin mawadaci wajen biyan haƙƙi zalunci ne, mun kuma haddace cewa a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, amma gumin yaron nan ya bushe shekaranjiya, ya sake tsatstsafowa jiya, ya sake bushewa.

Ba don in tona asirin wani na yi wannan rubutu ba, Alhajin nan ya fi ni alheri ta fuskoki da dama, kuma nawa laifin ya fi nasa nauyi. Shekara shida ke nan da na ɗauko wani yaro daga ƙauyenmu, ɗan maƙwabcin mahaifina, don ya taya ni tsaron shago. Ranar da za mu taho, mahaifinsa ya rako mu har tasha, ya riƙe hannuna ya ce amana ce ya ba ni, in sa shi makaranta ko da ta dare ce. Na ce in sha Allahu. Shekarar farko na ce bari ya saba da gari, ta biyu na ce kasuwa ta yi yawa ba wanda zai tsare mini shago, daga nan kuma na daina ma kawo wa kaina uzuri. 'Ya'yan cikina uku kowace safiya ana sa musu kayan makaranta, kuma shi ne yake raka su bakin titi ya tare musu Keke, ya dawo ya buɗe shago.

A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, ciniki ya koma ta waya. Wata rana ba na nan wani ya sayi rabin buhun wake ya nuna masa saƙon bogi a waya cewa ya tura kuɗi, yaron ya yarda ya ba shi kaya, domin bai iya karanta abin da ke rubuce ba. Da na dawo na zage shi a gaban mutane, na kira shi jahili, na kuma cire kuɗin a cikin ɗan abin da nake ba shi. Sai jiya a cikin mota na gane cewa jahilcin da na zage shi da shi, ni ne na ajiye shi a ciki shekara da shekaru. Wallahi da na iso gida na same shi yana jera kwanukan awo, kasa haɗa ido na yi da shi. Laifi tudu ne, na taka nawa na tsawon shekara shida ina hango na Abuja.

'Yan'uwa, ina roƙonku kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce shugabanni ba su da laifi ba, ban kuma ce mu yi shiru ba. Wanda ya taɓa hawa gadar Third Mainland ya dubi gidajen katakon Makoko a kan ruwa, ya ɗaga kai ya hango dogayen benaye na tsibiri a gabansa, ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda aka raba arzikin ƙasar nan. Wanda ɗansa ya zauna a gida wata 8 a shekarar 2022 saboda yajin aikin malaman jami'o'i yana da dalilin jin zafi. Ƙannenmu 'yan acaɓa da aka hana sana'arsu a ƙananan hukumomi 6 na Legas tun ranar 1 ga Yunin 2022, aka ƙwace baburan wasunsu aka niƙe, sun san abin da ake nufi da a wayi gari ba jari. Za a tambayi masu mulki a kan duk wannan, kuma hisabinsu ba mai sauƙi ba ne. Amma a kabarina ba za a tambaye ni kasafin kuɗin ƙasa ba, yaron shagona za a tambaye ni.

Ku dubi inda waɗancan 'yan acaɓar suka koma. Da yawansu sun zama 'yan dako, masu tura baro, 'yan ga-ruwa da 'yan jari-bola, wato sun faɗo hannunmu, mu 'yan'uwansu da muka riga su zama a gari muka ɗan samu rufin asiri. Me muka yi musu? Mun ga sun yi yawa kuma ba su da zaɓi, sai muka karya kuɗin dako. Mai ga-ruwa ya turo jarkoki tun daga bakin rijiyar burtsatse, ya hau da su bene hawa biyu, Hajiya ta tsaya tana ja-in-ja da shi a kan naira 50, alhali a ranar ta biya kuɗin anko ba tare da ta nemi ragi ba. Muna ba da labarin yadda ake wulaƙanta maigadi Bahaushe a Lekki da Ikoyi, ana ajiye shi a ɗakin da bai fi akurki ba, amma mu tambayi kanmu nawa muke biyan wanda yake kwana a bakin namu shagon, kuma yaushe rabon da mu tambaye shi lafiyar iyalinsa da ya baro a gida.

A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Jihar Legas kuma ta sa nata a naira 85,000, kuma a majalisunmu mun ce wannan kuɗi ko buhun shinkafa ba ya saye, mun kuwa faɗi gaskiya a lokacin. Na san dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka babu hukumar da za ta zo shagona ta tuhume ni. To amma idan 70,000 zalunci ce a bakinmu, wane suna za mu ba abin da muke miƙa wa yaran shagunanmu a ƙarshen wata, idan ma mun miƙa? Wasunmu ba sa yanka wa yaro albashi sam, sai dai a ce ana tara masa, ranar sallama za a ba shi jari. Shekara bakwai, shekara goma, ba rubutu ba shaida, ranar da ya yi ƙarfin halin tambaya sai a nemo masa laifin sata a kore shi da jakar kayansa. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya, kuma waɗanda suka aikata suna sahun gaba a masallaci.

Iyayena mata, ku yi haƙuri, maganar ta biyo ta kanku. Yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye tana da shekara 10, ita ce ta farkon tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya, ita ke wanke kayan makarantar 'ya'yanki ta goge, ta ɗauki jakunkunansu ta kai su Islamiyya ta tsaya a waje. Me zai rage miki idan ta shiga ta zauna tare da su? Ko Fatiha ba ta gyaru a bakinta ba, kuma a gidanki za ta balaga. Kuɗin aikinta ma ba ta ganin su, wata dillaliya ce ke karɓa. Idan da 'yarki ce a gidan wata a wannan hali, barci ba zai ɗauke ki ba.

Shi ma malamin Islamiyyar yana cikin waɗanda muke ce wa su dawo gobe. Kuɗin makarantar boko ko bashi ne sai mun ciwo mun biya kafin a koro yaro, amma ɗan abin da aka yanka na wata a Islamiyya sai ya taru wata huɗu, idan malam ya aiko da takarda mu ce ai aikin Allah yake yi, bai kamata ya damu da duniya ba. Shi ma haya yake biya a Legas ɗin nan, kuma mai gida ba ya karɓar lada.

Kullum muna jin ana cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu kuma 'yan Arewa ne, sai mu girgiza kai mu ce gwamnoni sun cuce mu. Sun cuce mu ɗin. Amma tun 2004 akwai dokar da ta ce karatun shekara 9 na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne, ga makarantun gwamnati nan a unguwanninmu, ga kuma azuzuwan dare da wasu matasanmu ke buɗewa a harabar masallatai. Miliyan 10 ɗin nan ba a wata duniya suke ba, ɗaya daga cikinsu a shagona yake kwana, wata tana wanke-wanke a gidanka, wani kuma shi ne aka daka wa tsawa jiya a gabana. Yaron da ya girma yana jin "dawo gobe" daga bakin mai salla, wane irin mutum muke sa ran ya zama ranar da ya samu iko a kan wani? Kuma idan ɗan siyasa ya zo da taliya da 'yan kuɗi ranar zaɓe ya saye shi, ko ya ba shi makami ya sa shi bangar siyasa, da wane baki za mu zarge shi?

Yau da asuba na kira yaron shagona na nemi gafararsa, na mayar masa da kuɗin waken nan, kuma na yi magana da wani malami da zai fara koya masa karatu da rubutu bayan magariba, ni zan tsare shagon a wannan lokaci. Na kira mahaifinsa na gaya masa gaskiyar abin da ya faru da amanarsa, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba, shekara shida ba sa dawowa, na faɗa ne don ku zama shaida a kaina, duk wanda ya san ni ya ga na yi sakaci ya tuna mini.

Don Allah, kafin ka sake zama a majalisa yau, ka lissafa mutanen da abincinsu ke bi ta hannunka, ka duba ko akwai wanda kake riƙe da kuɗinsa. Idan akwai, ka kira shi ka biya shi kafin magariba, kada ka jira ya zo ya durƙusa. Idan akwai yaro ko yarinya a ƙarƙashinka da ba sa karatu, ka nema musu wuri a cikin makon nan.

Alhajina na rumfar jiya, na san kana karanta abin da nake rubutawa, kuma ka san ina ƙaunarka saboda Allah. Ban san sunan yaron nan ba, amma kai ka san shi. Gobe da safe zan shigo kasuwa in sha Allahu, don Allah ka sa a nemo shi, ka ba shi kuɗinsa na kwana biyu a gabana, ni kuma in ba shi haƙurin shirun da na yi.