Daren da Filadelfiya ta tafa wa wanda ya kasa

Jiya cikin dare wani ɗan uwa da muke kallon besbol tare ya turo min saƙo ransa a ɓace, wai wani ɗan wasan ƙungiyarmu ya ƙare, a sayar da shi kowa ya huta. Duk shekara in kaka ta raba tsakiya sai an sami wanda za a rataya wa jakar tsaba. Ban ba shi amsa a lokacin ba. A nan zan amsa masa a fili, don masu irin ra'ayinsa suna da yawa, kuma ni kaina na taɓa zama cikinsu.

Ga waɗanda ba su saba da wasan ba, Phillies ce ƙungiyata, ta birnin Filadelfiya inda nake zaune. Kakar besbol wasa 162 ce, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Mai jifa yana tsaye nisan mita 18 da 'yan kai, ya wurgo ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 a awa, mai bugu kuma da gorarsa a hannu ba shi da ko rabin daƙiƙa kafin ya yanke ko ya kai duka ko ya ƙyale. Wanda ya dace sau 3 cikin 10 gwarzo ne. Wato gwarzon ma sau 7 yake komawa benci hannu rabbana. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba, kullum cikin fushi zai kalli wasan nan.

A Disambar 2022 Phillies ta ɗauko Trea Turner a kan dala miliyan 300, kwantiragin shekara 11. Mutum ne da ya ci kofi da ƙungiyar Washington a 2019, kuma a 2021 babu wanda ya fi shi yawan dacewa da bugu a rukuninsu na National League, ɗaya daga rukunai biyu na gasar. A watan Maris na 2023, a gasar ƙasashen duniya, sau 5 ya yi wa Amurka bugun da ke tsallake katanga, har da wanda ya kori Benezuwela daga gasar. Muka ce kakarmu ta yanke saƙa.

Da aka fara kaka sai aka nemi wancan Turner aka rasa. Masu jifa sun gano lagonsa: su jefo masa ƙwallon da ke lanƙwasawa ƙasa tana nesanta da shi, shi kuma ya bi ta da gora ya doki iska. Yau haka, gobe haka. A tsaron fili ma ƙwallon da ya saba cafkewa cikin sauƙi ta riƙa kufce masa. Ihu ya fara tashi a filin Citizens Bank Park, kuma ba zan ɓoye ba, da muryata a ciki. A ƙarshen Mayu shi da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa mahaifiyarsa ta ce masa ita ma ihu take yi masa a gaban talabijin. Ranar 2 ga Yuni ƙungiya tana da nasara 25 da rashin nasara 32. Daga nan sauran 'yan wasa suka farfaɗo, shi kuwa shiru. Koci Rob Thomson ya yi ta saukar da shi a jerin masu bugu har ya kai shi na takwas cikin tara.

Ranar 2 ga Agusta a Mayami abin ya kai maƙura. Sau 5 ya fito bugu bai dace ko sau ɗaya ba, sannan a ƙarin lokaci wata ƙwallo ta wuce shi, aka cinye mu 9 da 8. Abin da ya yi bayan wasan shi ya sauya min tunani. Bai ɗora wa kowa laifi ba, ya ce shi ne ya jawo. Daga nan ya koma ɗakin atisaye ya yi ta dukan ƙwallo har tsakar dare. A lokacin dacewarsa kashi 23.5 ce cikin 100, ga mutumin da ya saba zagaya 30.

Sai wani ma'aikacin gidan rediyon wasanni na WIP, Jack Fritz, ya kawo shawarar da mutane da yawa suka ɗauka wauta ce: in ƙungiya ta dawo gida, kowa ya miƙe tsaye ya tafa wa Turner. Sai ka san garin nan za ka gane nauyin maganar. Filadelfiya ce inda 'yan kallo suka jefi mai shigar Baba Kirsimeti da curin ƙanƙara a 1968. Mike Schmidt, wanda kusan kowa ya yarda Phillies ba ta taɓa samun kamarsa ba, ya sha ihu a gidansa. Masu adawa suka ce mutumin da ke karɓar sama da dala miliyan 27 a shekara ba jariri ba ne da za a lallasa. Na fahimce su. Direban bas da ya tara kuɗin tikiti ya kawo 'ya'yansa yana da haƙƙin jin haushi.

Ranar Juma'a 4 ga Agusta, da Kansas City ta zo, fili ya miƙe. Duk fitowarsa sai an tashi ana tafi ana kiran sunansa. Ya dace sau ɗaya cikin 4, kuma an cinye mu 7 da 5. Washegari ya maka wata ta tsallake katanga abokan wasansa biyu na tsaye a kan tasha, wato wuraren da ake zagayawa kafin a ci maki, maki 3 lokaci guda, muka ci 9 da 6. Daga daren 4 ga Agusta zuwa ƙarshen kaka, a wasa 48, dacewarsa ta koma kashi 33.7, da bugun tsallake katanga 16. Ya sa aka kafa manyan alluna a cikin gari yana gode wa mutane.

Ba na cewa tafi yana koya wa mutum bugu. Tun 2015 Turner yake wannan mataki, kuma tarihinsa ya nuna ko ba jima ko ba daɗe zai dawo. Abin da nake cewa shi ne ihu ba ya gaya wa irin wannan ɗan wasa komai da bai sani ba. A ƙwallon ƙafa wanda aka tunzura zai iya ƙara gudu, ya ƙara shiga jiki, zuciyar ta yi masa rana. A besbol zuciya guba ce. Mai bugun da ke son ya biya bashin wata huɗu da duka ɗaya zai damƙe gora da ƙarfi, kafaɗa ta sandare, ya kai wa ƙwallon da ya kamata ya ƙyale. Masu jifa kuwa abin da suke jira ke nan. Mu da muke ihu a Mayu da Yuni, aikin abokan hamayya muke taya su ba mu sani ba. Har yau in na tuna ina jin kunya.

Kuma lambar da ake gani a allo tsakiyar kaka tana ruɗin mutum. A 2023 ɗin dai ɗan wasanmu Kyle Schwarber ya gama da kashi 19.7 kacal, abin da za ka ce a kore shi, amma sau 47 ya tsallake katanga, sau 126 kuma ya tafi tashar farko kyauta saboda haƙurin ƙyale munanan jifa. Wanda ya tsaya a lamba ɗaya zai zubar da zinariya yana zaton tagulla ce.

Ihu yana da wurinsa, ban hana ba. Wanda ya buga ƙwallo ya ƙi gudu zuwa tasha, wanda ya yi kuskure ya nuna abokinsa da yatsa, wannan a yi masa har ya ji a jikinsa. Wani lokacin ma canji dole ne: a Yunin 2022 an sallami koci Joe Girardi ƙungiya tana 22 da 29, Thomson ya karɓa ya kai mu wasan ƙarshe na kofi. Amma akwai bambanci tsakanin wanda bai damu ba da wanda damuwar ce ke karya shi, kuma ɗan kallon da ke bin ƙungiya kullum yana iya gane su in ya so. Ɗan wasanmu Alec Bohm ya yi kuskure 3 a wasa ɗaya a Afrilun 2022, kyamara ta kama shi yana cewa ya tsani wurin nan, aka tambaye shi ya ce eh ya faɗa, cikin zafin rai ne. Washegari aka tafa masa.

Kakar 2023 ba ta ƙare yadda muke so ba. Mun gama da 90 da 72, a zagayen neman kofi mun fitar da Mayami da Atlanta, sannan a karawar wasa bakwai Arizona ta zo har gida ta cinye mu wasa na shida da na bakwai, muka fita daga fili kamar an yi mana mutuwa. Shi kuwa mutumin da aka ce ya ƙare a Yulin waccan shekara, a 2025 ya sake zama na ɗaya a dacewa da bugu a rukuninsu.

Don haka ɗan uwana, kafin ka sake cewa a sayar da wane, ka duba min abu biyu: in ya buga yana gudu har tasha? In an cinye mu yana tsayawa gaban 'yan jarida ya ɗauki nasa? Na duba wanda kake magana a kansa, duka biyun yana yi. Ranar Lahadi ina da tikiti biyu. Ka zo mu je, in ya fito ni dai zan miƙe.