Mataki na uku

Hunturu na shida ke nan a Suwizalan, amma sai bana na yarda na bi wani abokin aikina hawan dutse a kusa da Davos. Da muka isa gindin wani gangare sai ya tsaya, ya zaro shebur daga jaka ya hau haƙa. Na ce a raina, wannan kuma kabarin wa? Da ramin ya kai ƙugu ya kira ni in taɓa. Saman dusar ƙanƙarar a daskare yake kamar katako, amma can ƙasa akwai wata shimfiɗa da yatsa ke nutsewa a ciki, tana zuba kamar sukari. Ya ce in ɗauka an ɗora faranti a kan gero a gangare: nauyin mutum ɗaya ya isa farantin ya sulale. Nan muka juya. Ni dai ban yi musu ba, dama ƙafafuna sun gaji.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar gargaɗin zaftarewar dusar ƙanƙara da ya karanta tun da asuba. Cibiyar SLF da ke Davos, mai binciken dusar ƙanƙara da zaftarewarta, tana fitar da ita sau biyu a rana duk hunturu, ƙarfe 5 na yamma da 8 na safe, a ma'auni mai mataki biyar da ƙasashen Turai suka amince da shi a 1993. Ba ta tsaya ga "a yi hattara" ba. Tana faɗin daga wane tsayi haɗarin ya fara, da gangaren da ke kallon wace kusurwa. Kowa kuma ya san gangaren da ya kai digiri 30 ne ke zaftarewa.

A gida fa? Kafin damina a kan jero jihohin da ambaliya za ta iya shafa, a ce mazauna bakin kogi su tashi. Su tashi yaushe, zuwa ina? Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, mutanen Maiduguri da dama cikin dare suka ji ruwa a ɗaki. Ana yawan cewa mutanenmu ba sa jin gargaɗi, sun jingina komai ga ƙaddara. Ban yarda ba. Manomi a Hadeja ya fi kowa sanin halin kogi. Gargaɗin da bai faɗi unguwa da rana ba ne ba shi da abin kamawa.

Su ma nan ba waliyyai ba ne. A Fabrairun 1999 zaftarewar dusar ta kashe mutum 31 a ƙauyen Galtür na Ostiriya. Kuma kusan rabin masu mutuwa a zaftarewar dusa a tsaunukan nan a mataki na uku suke mutuwa, ba na biyar ba, don uku ya zama ruwan dare har ido ya saba da shi. Ranar da muka juya ɗin ma uku ne, kuma ga sawun wasu mutum biyu ya miƙe ya haye gangaren.