Ranar da bango ya sayar min da abinci a Holan

Ni mutum ne mai cika baki a kan abinci. Tsire ma daga kan wuta nake ɗaukarsa ina ci. Shi ya sa da na je Amsterdam ziyara wajen ɗan yayata da ke karatu can, ya fara yi min bayanin kayan ƙwalamar mutanen Holan, sai na ce masa ya bar dogon Turanci, mu tafi kawai.

Muka shiga wani shago, ban ga mai sayarwa a gaba ba. Bango ne guda cike da 'yan tagogin gilashi, kowace taga da abinci ɗaya a ciki, yana zaune abinsa kamar ɗan haya. Ka biya, ka buɗe tagar, ka ɗauka. Ba ciniki, ba gyara. Wallahi sai da na yi sallama kafin na tuna bango ba ya amsawa.

Idona ya faɗa kan wani nama dogo mai launin ƙasa, har na miƙa hannu.

"Kawu, tsaya! Frikandel ke nan, galibi akwai naman alade a ciki."

Na janye hannu kamar na taɓa kunama. Shi ya zaɓar min kroket na kayan lambu. Ga wanda bai san shi ba, kamar ƙosai yake da aka ja shi ya yi tsawo, an mulmule shi da garin burodi an soya. A hannu ɗumi-ɗumi na ji shi, kamar ba zai cutar da kowa ba. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, ni kuwa tuni na gatsa rabi.

Ashe cikinsa ba ƙosai ba ne. Wani abu ne mai kauri kamar kunun da aka sauke yanzun nan daga murhu. Ya manne min a ganɗa. In tofar, ga Turawa kewaye da ni, ga kuma bakin da na cika a hanya. In haɗiye, ba hali. Na tsaya baki buɗe ina hura iska, hawaye na zuba.

"Kawu, lafiya?"

"Daɗi ne," na ce masa da rabin harshe.

Don ya wanke laifinsa ya sayo min patatje oorlog, ya ce oorlog ɗin yaƙi ke nan a yarensu. Da na leƙa na ga dalili: soyayyen dankalin Turawa ne aka kwarara masa mayonis, aka bi da miyar gyaɗa mai kauri, aka watsa ɗanyar albasa. Miyar gyaɗar daga Indonesiya suka koyo ta, ƙasar da suka yi wa mulkin mallaka. Wannan kam gaskiya ya yi daɗi, ƙamshinsa har ƙuli-ƙuli ya tuna min. Sai dai ɗan cokalin da suke bayarwa bai fi tsinken sakace da komai ba, farar shaddata ita ta sha rabin yaƙin.

Washegari muka je bakin teku a Scheveningen, kusa da birnin Hague, don in ci haring. Kifi ne da bai taɓa ganin wuta ba, gishiri kawai aka sa masa. Ana riƙe shi ta wutsiya, a dangwala a yankakkiyar albasa, a ɗaga kai sama a zura a baki. Na dube shi, sanyi ƙalau, yana sheƙi. Zuciyata ta ce a'a, girman kai ya ce ai an riga an biya.

Na ɗaga shi sama, na rufe ido, na yi bismilla. Sai na ji fuuu, iskar fiffike a fuska. Ina buɗe ido na ga wani farin tsuntsun teku ya yi gaba da kifina, kamar shirwa ta sure ɗan tsako. An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, to nawa dai a gabana ya hau.

Yaron nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ciro kati.

"Bari in sayo maka wani, Kawu."

Na riƙe masa hannu gam. "Haba ɗana, kai da kake ɗalibi? Adana kuɗinka. Ba akwai sauran garin kwakin da na kawo maka a ɗaki ba?"