Kwana 90 aka ba ta ta juye abin da ke kanta

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi bankwana da wata dattijuwa a wurin aikinmu nan Liyon ta Faransa. Shekara 26 ta yi tana riƙe da odar kayan gyara, kafin wani babban kamfanin Jamus ya saye mu bara. Aka kawo kek da lemo a kofunan takarda, shugaban sashe ya yi magana ta minti biyu, aka tafa, kowa ya koma kan kwamfutarsa. Ni kek ɗin ya ƙi wuce mini maƙogwaro.

Bayan ciniki ne aka ce ta koya wa wasu samari huɗu da ke Bangalor ta Indiya aikinta, cikin kwana 90. Kullum da safe ta shiga wani ɗan ɗaki mai bangon gilashi, farin tebur, allo maƙale a bango, taga ma ba ta buɗuwa. Ta sa abin saurare a kunne, ta kunna Teams, manhajar taro ta bidiyo. Da yake sun riga mu da awa uku da rabi a wannan lokaci na shekara, tana kurɓar kofin farko su suna haramar abincin rana. Da Ingilishi ake magana, ita ba harshenta ba, su ma ba nasu ba. Ana naɗar kowane zama, duk abin da ta faɗa a rubuta, a ba shi lamba, a ajiye a rumbun kamfani na intanet. Ranar da aka cike layin ƙarshe na jadawalin miƙa aikin aka kira ta ofis.

Gaskiya ba korar kare aka yi mata ba. Dokar ƙwadago ta Faransa ta ce in an sayar da kamfani, kwantiragin ma'aikaci yana bin sabon mai shi, don haka sai da aka zauna aka daidaita, ta karɓi haƙƙinta. Kuma rubutu yana da ranarsa. Mun ga Celtel ta koma Zain, Zain ta koma Airtel a 2010, ba na jin da baki kaɗai aka miƙa aiki mai girma haka.

Amma tun ranar Litinin ɗaya daga cikin samarin ya aiko mini saƙo, wai wata masana'anta a Italiya ta ƙi amsa odarsu. Watan Agusta ne, sun rufe sun tafi hutu. Ita ta san wanda ake bugawa waya a irin wannan lokaci, ta san sai an tambaye shi ƙafarsa mai ciwo kafin a kawo maganar kaya. Wa zai rubuta wannan a jadawali?

Sai na tuna kawuna a Tawa ta Nijar, mai gyaran injin ban ruwa na manoman albasa. Yaro yakan shekara biyu yana wanke sifana yana dafa shayi kafin a bar shi ya kwance inji. Mutanen nan za su ce rowar ilimi ce. Su faɗa. A garejin kawu ba a taɓa koyon sana'a a sallami mai ita ba. Wanda ya yaye, ko yana Abijan, goron sallarsa na isowa, kuma Baba yake ce masa har gobe.

Ni ma ya sha kirana lokacin hutun makaranta: "Ɗana, zo ka zauna nan ka ji." Ina ƙyamar baƙin mai a rigata, sai in zame. Yanzu hannunsa ya fara rawa, ido ma ya rage. Shekaran jiya na kira shi ta WhatsApp na ba shi labarin dattijuwar nan. Bai ce komai a kai ba. Sai na ji ya tada wani inji, ya kara wayar a jikinsa, ya ce, "To, injiniya, me ke damun wannan?"

Na kasa kunne sosai, wallahi. Ƙara kawai nake ji.