Ba kowane ruɗewa ne gigin tsufa ba

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki a nan Ingila, idan tsoho ya rikice farat ɗaya ba a zama. Jiya lafiya lau, yau bai gane 'yarsa ba, yana ta fizgar zanin gado, ko kuma ya yi tsit sai gyangyaɗi, wanda ma shi ya fi saurin kuɓuce wa ido. Nan take nas za ta auna zafin jiki da sukari da iskar oksijin, ta hau tambaya: yaushe rabonsa da bayan gida? Fitsari na fita? Ya sha ruwa? An sa masa sabon magani? Ina ke masa ciwo?

Hujjarsu mai ƙarfi ce. Gigin tsufa sannu a hankali yake shigowa, wata da watanni. Wanda ya faɗo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, galibi wata cuta ce a jiki, kuma tana jin magani.

Mu a gida sai mu ce Baba ya fara gigi, ko iska ce, a kira malam ya yi tofi. Ban raina addu'a ba, Allah ya sani. Amma tsohuwa mai ciwon sukari da ta haɗiyi Daonil, maganin rage sukari, da sahur ta ɗauki azumi cikin zafin Kano, in ta fara sambatu da la'asar, sukarinta za a fara dubawa. Haka zazzaɓin cizon sauro, da limoniyar da ba ta zo da tari ba, da Valium ko Piriton ɗin da jika ya sayo a kemis don Kaka ta samu barci.

Su ma nan ba su tsira ba. Da an ga ruɗewa sai a ɗora wa ciwon sanyin fitsari, alhali tsofaffi da yawa na da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da wani ciwo ba. Ga ma'aikatan wucin gadi, mai aikin dare bai taɓa ganin tsohon ba balle ya san yadda yake jiya.

Gwajin 4AT, na gano ruɗewar farat ɗaya, da aka ƙirƙiro a Edinburgh yana sa tsoho ya faɗi ranar haihuwarsa, ya lissafo watanni daga Disamba zuwa baya. Hajiyar da ke ƙirga shekarunta daga rasuwar Sardauna za ta kasa cin wannan gwaji da hankalinta garau. Tambayar ƙarshe ce tamu: shin ya canza cikin mako biyun nan? Surukar da ke dama masa koko kullum safe ta fi kowa sanin amsa. Ita ya kamata ta shiga wurin likita, ba babban ɗa da ya iso daga Abuja jiya da dare ba.