Ɗakin karatu bai sayi littafin ba, hayarsa yake yi

Wani marubuci ya ce da zarar ɗakin karatu ya sayi littafin intanet to ya zama mallakinsa, kamar na takarda. Sam ba haka ba ne. Na takarda in ka saya, ka ba da aro sau dubu har bangonsa ya yage, ba mai ce maka uffan. Na intanet lasisi kake biya, sharuɗɗan kuma kamfani ne ke rubuta su. Tun 2011 HarperCollins, kamfanin buga littattafai, ta ƙayyade aro 26 ga kowane kwafi, in sun cika sai a sake biya. Internet Archive, wata ma'ajiyar littattafai ta intanet, ta gwada ɗaukar hoton littafin da ta mallaka tana ba mutum ɗaya aro a lokaci guda, kotun Amurka ta ce hakan ya saɓa wa doka a 2023, Internet Archive ta kuma faɗi a ɗaukaka ƙara a 2024. A jami'o'i kuwa, inda ake yawan yin asara shi ne mujallun bincike na intanet: in yarjejeniya ba ta ambaci damar karatu ta dindindin ba, ranar da aka kasa sabunta kuɗi, shekarun da aka biya a baya ma sun tafi. Ɗalibi ɗaya ya kwashi ɗaruruwan maƙaloli a dare guda, sai kamfani ya toshe adireshin intanet na makarantar gaba ɗaya. Mai cewa "ai ilimi kyauta ne", lauyan kamfani bai san wannan karatun ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba ɗakunan karatu wasu sassauci, amma ma'aikata nawa ne ke karanta lasisin kafin shugaba ya sa hannu?